Ku Dawo wa Maiwada da Tukunyarsa

Kwamitin ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Riyadh ya ari tukunyar Maiwada da Babbar Sallah, ya yi walima da ita, ya kulle ta a ɗakin ajiya, ya ƙi dawo da ita. Da Maiwada ya aika a karɓo, aka ce tukunyar kayan al'umma ce, ba ta mutum ɗaya ba. Da ya je da ƙafarsa, aka ba shi kujera, aka ba shi gahawa da dabino, aka ce ana duba maganar. Har yau ana dubawa.

Shi bai yi fushi ba. Ni ce na yi, kuma ni zan yi magana. Sunana Rekiya, matar Basiru direba a ofishin jakadancinmu, a unguwar Malaz muke zaune tun 'ya'yana suna rarrafe. Rabin masu tsoma baki a guruf ɗin ƙungiya na waya ba su zo ƙasar nan ba sai da aka gama shan wahalar, don haka bari in gaya musu wane ne Maiwada da inda tukunyar ta fito.

Bakatsine ne, daga wani ƙauye gefen Malumfashi. Ni kuwa Banufiya ce, haihuwar Bida, girman Kontagora. Kun san wasan da ke tsakanin Nufawa da Katsinawa. Ranar da Basiru ya fara kawo shi gidanmu cin abinci, yana jin inda na fito ya ajiye cokali.

"Ashe baiwata ce ta yi girkin," ya ce. "Shi ya sa gishiri ya yi yawa."

Na ce daga bayan labule, "Bakatsine ya ga nama a miya, dole ya rikice."

Haka muke har yau, furfura ta fito mana duka amma ba wanda ya sauka.

Kafinta ne lokacin, irin masu haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki. Wani babban kamfani ne ya kawo shi, mai ofis a Dubai, suna gina dogayen benaye a arewacin gari. Suna kwana a sansanin ma'aikata a bayan gari, albashi yana zuwa kan lokaci, yana aika wa matarsa Zaituna, yana tara ragowar don ya sayi fili a gida. Shekarun nan kuwa ba abin da ake magana a Najeriya sai hannun jarin banki. Ka je unguwar Batha wajen aika kuɗi, layi guda hirar kenan. Ƙanensa ya buga masa waya ya ce, Yaya, fili kwanciya yake yi, hannun jari kuwa haihuwa yake. Maiwada ya tattara abin da ya tara ya zuba. Basiru ma ya zuba, ni ban sani ba sai daga baya.

Sai 2008 ta zo. Ina zaune a falo ina tsinke alayyahu na ga Turawa a talabijin suna fitowa daga wani banki a Amurka, kowa rungume da kwalinsa. Na ce wa Basiru, "Allah sarki, an kore su daga aiki." Bai ko kalle ni ba. Shi ya riga ya san abin zai iso gidanmu.

Masu ilimi sun yi ta bayani a rediyo. Abin da na fahimta shi ne bankunan can sun yi ta ba mutane bashin sayen gidajen da ba za su iya biya ba, sannan suka nannaɗe basussukan suka sayar wa wasu bankunan a matsayin kaya mai kyau. Maiwada ya ce shi ya gane sarai, irin kwandon tumatir ne da ake jera masu kyau a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa, sai dai wannan kwandon duk duniya ce ta saya. Farashin mai ya faɗi, naira ta sunkuya, hannun jarin nan mai haihuwa ya narke kamar ƙanƙara a rana. Shinkafa kuwa tun kafin nan ta yi tashin da sai da na koya wa yarana cin burodi da safe da dare.

Bankin wajen da yake ba kamfanin su Maiwada kuɗi ya janye hannu. Injinan ɗaga kaya suka tsaya cak, wani da ƙarfe rataye a bakinsa. Albashi ya ɗauke. Mazan nan suka zauna a sansani wata da watanni, yau a ce gobe, gobe a ce jibi, motar ruwa ma ta fara tsallake su. Ƙarshe manajan ya zo, wani ɗan Labanan, idonsa ja, ya ce kamfani ya mutu, shi ma ba a biya shi ba, ba shi da abin ba su, kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka a sansanin.

Nan aka yi rububi. Masu zafin nama suka cire na'urorin sanyaya ɗaki daga bango, wasu suka ɗauki firji, wasu talabijin, wasu katifu. Maiwada yana bayan ɗakuna yana wanki, ga kumfa har gwiwar hannu, ya ce sai ya ɗauraye ya shanya tukuna. Ko da ya iso ba komai sai ƙusoshi a bango. Ya leƙa kicin. Can ya tarar da tukunyar da ake dafa wa duk sansanin abinci, ta alminiyom, tsayinta har ƙugun mutum, da murfinta. An bar ta ne don ba mai iya ɗaukarta. Ya kwantar da ita ya mirgina ta kamar tayar mota har bakin titi, wani Bapakistane mai a-kori-kura ya tausaya masa ya kai shi Batha. Ta ƙi shiga ƙofar ɗakin da suka kama, sai da igiya aka ja ta saman rufi. Unguwa ta samu abin dariya.

"Maiwada ya yi gida, saura ƙofa da taga."

"Ka sa katifa a ciki mana, ka huta da kuɗin haya."

Masu firji da talabijin duk suka sayar, suka cinye. Tukunya ba wanda ya ko taya.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane halin da mazan nan suka shiga ba. Iƙamarka, wato takardar zamanka, tana rataye ne a wuyan kafilinka, wanda ya ɗauki nauyin zuwanka. Kafili ya rushe, kai ma kana lilo, ba ka da izinin yi wa wani aiki sai an mayar da kai hannunsa. Komawa gida kuma da hannu biyu, bayan an raka ka filin jirgi da addu'a, wasu sun gwammace su mutu. Sai suka cunkushe a ɗakunan Batha, ana buga waya gida ana cewa komai lafiya. Yunwar Riyadh ba ta da hayaniya. Za ka ga mutum da farar jallabiya a goge, ya riga liman zuwa masallaci, ashe ruwan sanyi da dabinon sadaka ya zo nema.

Maiwada bai iya zama ba. Ya gangara kasuwar kayan lambu ta Aziziya yana dako. Can wani tsohon Balarabe mai sarin albasa da tumatir, Abu Nayif, ya lura da shi, ya ga ba ya jefa kwando, ajiye shi yake yi, sai ya karɓi kafalarsa. Da Maiwada ya zauna a wajen ya ga abin da ake zubarwa duk yammacin Alhamis: tumatir da ya fashe, kabeji da ganyen waje ya yi yaushi, karas da ya karye, tattasai, kabewa. Ya je ya durƙusa gaban tsohon da ɗan Larabcinsa na kasuwa ya roƙa a bar masa.

"Tumaki gare ka?" in ji Abu Nayif.

"Mutane gare ni."

"Su nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"A me za ka dafa?"

"Ina da tukunya."

Ranar da aka sauke ta daga mota tsohon ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ba shi filin da ke bayan sitonsa, jikin gidansa, ya ba shi babban murhun gas, ya ɗora masa buhun karyayyiyar shinkafa. Aka sanar a Batha, baki da baki: bayan sallar Juma'a akwai abinci a bayan siton Abu Nayif.

Matsala ɗaya ce, Maiwada bai iya girki ba. Juma'ar farko ƙasa ta ƙone, sama ba ta nuna ba. Basiru ya kawo min a leda in ɗanɗana. Na ce wannan ba abinci ba ne, hukunci ne. Juma'a ta biyu na sa abayata na ɗauki daddawa da yajin da nake ɓoyo, na bi Basiru. Ummu Nayif, matar tsohon, ta hau da ni ɗakinta na sama mai taga a kan filin, ta zuba min shayi. Daga nan na karɓi ragama.

"Bakatsine, rage wutar nan."

Ya ɗago kai, gumi yana zuba. "Yaushe baiwa ta fara ba ubangidanta umarni?"

"To ci gaba. Ka ciyar da su gawayi."

Ya rage. Ya sassaƙa muciya daga wani katakon gini, tsayinta kamar na abin tuƙa kwalekwale. A hankali hannunsa ya faɗa. Dafa-duka ce kullum, shinkafa da duk abin da kasuwa ta yar, da ƙasusuwan raƙumi idan mahauci ya yi kirki, da daddawata. Ummu Nayif ta ce warin daddawa zai kore ta daga gidanta. Yanzu ita ke tambaya idan ban kawo ba.

Doka ɗaya Maiwada ya kafa: ba a tambayar mutum aikinsa. Ka zo, ka wanke hannu, ka zauna a tire. Mai albashi da wanda ya kwana biyu bai ci ba, hannu ɗaya suke sawa, ba mai gane wani.

Ɗaya al'adar kuwa ba wanda ya kafa ta, da kanta ta zo. Tukunyar tana da zurfin da ba a iya kankare ƙanzon gindinta sai an shiga ciki. Da farko Maiwada ne ke shiga. Wata Juma'a an gama ci, sai Ghazali, wani mai gyaran wutar lantarki mutumin Gusau, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya ɗauki soson ƙarfe ya haura ciki ba wanda ya sa shi.

"Lafiya, Ghazali?" in ji Maiwada.

Ƙarar kankara ta tashi. Can muryarsa ta fito daga cikin tukunyar, ta yi kauri kamar ta lasifika. "Gobe zan fara. Wani otal ne a Olaya."

Wurin ya kaure da dariya, aka tofa Fatiha, wani ya sheƙa masa ruwa a baya, Maiwada ya ce ƙanzon duka nasa ne. Daga ranar, duk wanda ya samu aiki shi ke shiga tukunya. Ba sai ya ce komai ba. Ana ganin mutum yana naɗe wando an gane.

Ku da ba ku ga lokacin ba za ku ce wasa ne. Ba wasa ba ne. Ka zauna da mutum kuna raba loma watanni, sannan ka buɗe baki ka ce masa ni na samu, kai ba ka samu ba, wannan magana tana da nauyi. Ka ɓoye kuma, ranar da aka ji a ce kana da albashi kana cin shinkafar marasa shi. Ga tsoron baki, kada a yi maka. Amma mutumin da ke cikin tukunya, kansa a ƙasa, ɗuwawu a sama, maiƙo har kunne, wa zai yi masa hassada? Dariya ake yi masa, cikin dariyar a sa masa albarka, wanda bai samu ba ya koma ɗaki yana cewa wata Juma'ar ni ne.

Na ga maza da yawa sun shiga tukunyar nan daga tagar Ummu Nayif. Ɗaya daga cikinsu Mudassir ne. Sansani ɗaya suka fito da Maiwada, shi mai kula da sito ne, yana da difloma, shi ya samu talabijin ranar rububi. Ya daɗe bai samu aiki ba, ya fi kowa daɗewa. Kullum shi ne na ƙarshen zuwa, ya zauna a gefen tire, ya ci kansa a sunkuye. Ranar da ya samu gurbi a wani ofishin aika kaya a Batha, ya shiga tukunya ya fara kankara, sai kankarar ta tsaya. Daga sama ina ganin kafaɗunsa suna rawa. Maiwada ma ya gani. Nan take ya juya ya tsokani Ghazali, ya ce Zamfarawa ba su san shinkafa ba sai a Saudiyya, gardama ta kaure, kowa yana ɗaga murya, har Mudassir ya gama kukansa ya goge fuska ba wanda ya ji. Da ya miƙe yana dariya, soso a hannu, wani ya ɗauke shi hoto da 'yar ƙaramar waya.

Shekaru suka yi ta tafiya. Waɗanda suka jawo wa duniya wannan masifa ban ji wanda ya kwana da yunwa a cikinsu ba. Gwamnatoci suka ɗebi kuɗin jama'a suka tallafi bankunan, can da gida Najeriya duka. An sauke wasu manya, an kai wasu kotu, amma abin da Maiwada da Basiru suka zuba bai dawo ba. A 2011 matasan ƙasashen Larabawa suka fito kan titi, rashin aiki da tsadar abinci sun ishe su. Kowace gwamnati ta tsorata da nata matasan, ido ya koma kan baƙo. A nan aka fara yi wa kamfanoni launi, ja da rawaya da kore, gwargwadon 'yan ƙasar da suka ɗauka. Bayan nan aka shiga kamen masu yi wa wanda ba kafilinsu ba aiki. Ban ce ƙasa ba ta da ikon tsara gidanta ba, tana da shi. Abin da na ce shi ne wasu ne suka yi ɓarna a wata nahiya, wasu kuma suka kwashe kayansu a jakar leda suka hau jirgi. Lokacin kamen taro ya zama haɗari, sai Maiwada ya riƙa dafawa yana zubawa a robobi, Basiru yana zagawa da su Batha a but ɗin mota. Aka sa wa iyalan baƙi haraji, maƙwabtana da yawa suka mayar da mata da yara gida. Korona ta zo, tukunya ta kwanta a kife. Da aka buɗe gari ta tashi.

Yanzu masu ci sababbi ne. Naira ce ke koro su, sun sayar da gona sun sayi biza a hannun dillali, sun sauka sun tarar ba aikin. Akwai 'yan Nijar, akwai 'yan Chadi, har da wasu 'yan Bangaladash biyu da suka iya jure yajina.

Shi kuwa Maiwada, in kun gan shi ba za ku ce ya taɓa asara ba. Yana tuƙa a-kori-kurar gidan Abu Nayif, tsohon ya tsufa tukuf, ɗansa ke kula da kasuwa, amma duk Juma'a sai an fito masa da kujera ya zauna yana kallo yana cewa a ƙara gishiri. Maiwada ya sayi ɗan fili a ƙarshe, ya yi ɗaki uku, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, babban ɗansa yana koyarwa a firamare. Da Zaituna ta zo Umara ya kawo ta Riyadh ta ga abin da idonta. Ta tsaya kusa da ni a taga, ta daɗe tana kallonsa yana juya muciya, sannan ta ce, "Mutumin nan ko ruwan zafi bai taɓa ɗora min ba a gida."

Na taɓa tambayarsa ko yana tuna kuɗinsa da suka narke. Ya ce, "Da sun haihu, da yanzu ina Malumfashi ina rigima da 'yan haya, hawan jini ya kama ni. Nan kuwa ga baiwata tana yi min hidima kyauta."

To ga yadda aka zo inda muke. Mudassir ya zama Alhaji Mudassir, yana da kamfanin aika kaya nasa na kansa, Allah ya ƙara masa. Bara ya tsaya takarar ciyaman na ƙungiya. Ana tsakiyar kamfe wani ɗan adawa ya tono tsohon hoton nan ya saka a guruf, ya rubuta a ƙasa: ga mai son ya shugabance ku. Wanda ya yi wannan bai kyauta ba, na faɗa a lokacin, ina kuma faɗa yanzu. Mudassir ya ci zaɓe duk da haka. Da Sallah ta zo suka kama istiraha, irin gidan shaƙatawar da ake haya a bayan gari, suka ce Maiwada ya ara musu tukunya a dafa wa jama'a. Ya wanke ta da kansa, ya ɗora a mota ya kai musu.

Bayan Sallah sai ga sanarwa. Wai zamanin wahala ya wuce. Wai taruwar maza a bayan sito suna cin ragowar kasuwa tana zubar mana da mutunci a idon masu ƙasa. Wai daga yanzu duk mai buƙata ya je wajen sakatare ya bayyana halin da yake ciki, a haɗa shi da gidan abinci ya karɓi kabsa, shinkafar Larabawa da nama. Ku tambayi sakataren mutum nawa suka je. Namijin da yake gaya wa uwarsa a waya komai lafiya, shi zai zauna gaban sa'ansa a ofis ya ce yunwa nake ji?

Na karɓi lambar Mudassir wajen Basiru na kira shi.

"Hajiya Rekiya, ai maganar tana hannun kwamiti."

"Kai ne kwamitin, Alhaji. Sauran 'yan amin ne."

"Hajiya, duniya ta ci gaba. Ba 2009 muke ba."

"Yaushe rabonka da hawa benen Batha? Ba ofishinka ba, ɗakunan sama."

Da ya sake magana muryarsa ta sauka. "Ɗana ya ga hoton nan. A nan aka haife shi, da 'ya'yan Larabawa yake makaranta. Ya kawo min waya ya ce, Baba, kai ne wannan? Me zan ce masa?"

"Ka ce masa eh."

Ya ce ana kiransa a ɗaya layin.

Maiwada bai fasa ko Juma'a ɗaya ba. Ya bi gidaje ya ari tukwanen mata, tawa ta girkin suna, ta Mubaraka, ta Nazira, da wata ta Ummu Nayif. Ya jera su a kan ƙananan murahu yana zagaya su kamar mai kiwon kaji, wannan ta nuna, waccan ta kama. Kowace da ɗanɗanonta. Ya ce wa masu ci tawa ce mai ɗaci, halin mai ita ta ɗauko. Da na ce zan rubuta wannan ya ce, "Rekiya, bar shi. Mudassir kunya yake ji, kunya kuwa tana warkewa. Ai ana ci ana ƙoshi."

Na so in bari. Abin da na gani Juma'ar da ta wuce ne ya hana ni.

Akwai wani Nafiou, mutumin Maraɗi, magidanci ne da furfura a gemu. Kafilinsa ya rufe shago tun bara, tun lokacin yake zuwa. Mutum ne mai shiru, shi ke shimfiɗa tabarmi. An gama ci sai na ga ya tashi ya tsaya yana dube-dube. Ya sunkuya ya naɗe ƙafar wando. Ya ɗauki tukunyata ya kai bakin famfo ya wanke, kafin ka ce me ya gama, don ba wani girma gare ta ba. Ya ɗago ya kalli jama'a. Ba wanda ya kula, tunda ƙananan tukwanen nan kowa ma yana wankewa. Ya ɗauki ta biyu ya wanke. Ya tsaya riƙe da ita. Sannan ya kife ta, ya sauke wandonsa, ya sa takalmi.

A mota Basiru ya rage masa hanya, ina baya. Mun kusa Batha Nafiou ya ce, a hankali kamar mai ba da haƙuri, ya samu aiki a wata gonar shanu a Kharj, an gama mayar da kafalarsa, ranar Asabar mai zuwa za a zo a ɗauke shi, kuma ba a ba su hutun Juma'a a can. Basiru ya ce to me ya hana ka faɗa a yi maka addu'a? Ya ce, "Malam Basiru, da wane baki? Wanda ke kusa da ni a tire jiya aka kore shi daga ɗaki." Ya ce tun zuwansa yake kallon masu shiga tukunya, yana cewa Allah ya kawo ranarsa.

Na kira Maiwada na gaya masa. Na ƙara da tsokana don in sassauta, na ce ga abin da sanyin Katsinawa ya jawo. Bai rama ba. Tun da na san shi bai taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Ya ce, "Juma'a ɗaya ta rage masa kenan." Ya yi sallama ya kashe.

Don haka, Alhaji Mudassir, da kai da sakatare da ma'aji da duk wanda ya ɗaga hannu a zaman da aka yanke wannan shawara: tukunyar ba ta ƙungiya ba ce. Gumin Maiwada ce, ita kaɗai ya fita da ita daga kamfanin da ya yi wa aiki shekaru, ara muku ya yi. Ku ci gaba da tsarin kabsarku, ba mai hana ku. Ba a neman jawabi, ba a neman ban haƙuri, Maiwada ma ba zai tsaya saurare ba. Ku buɗe ɗakin ajiyar nan, ku ɗora ta a mota da murfinta, ku kai ta bayan siton Abu Nayif a Aziziya ranar Juma'ar nan da safe, kafin ya kunna wuta.